Rijiyar Kusugu a Daura: ku je, amma ku je da lokacin zama

Masu tambaya ko zuwa Rijiyar Kusugu a Daura ya kai a kashe masa kuɗin mota da wuni guda, amsata ita ce ya kai har da rara, amma fa sai in za ka nutsu ka saurara. In hoto kawai za ka ɗauka ka ɗora a WhatsApp ka juya to gaskiya ka riƙe kuɗinka, don rijiya ce dai irin wadda ka sani, ga baki ga ruwa ga guga, an kewaye ta da gini an killace ta, kafin ka gama gyara tsayuwa ka gama ganin abin da ido zai gani. Abin da ake zuwa nema a wurin shi ne bakin mutumin da zai tsaya a gefenta ya ba ka labarinta, kuma wannan hidimar ce nake so in yi magana a kai, yadda ake yin ta da abin da take yi wa mutanen garin kansu, don ni abin da ya fi tsaya min a rai ke nan.

Hanya dai ba wuya, daga Kano ka bi ta Dambatta da Kazaure, daga Katsina kuma ta Mashi, motocin haya ba sa yankewa. Kana sauka tasha ka ce wa ɗan acaɓa ko mai adaidaita Kusugu, shi ke nan, ba zai tambaye ka kwatance ba, tana cikin tsohon gari ba nisa da fadar Sarki wadda suke kira Kangiwa. Wanda ya ɗauke mu matashi ne da bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, tun kafin mu isa ya fara ba mu labarin macijin yana tuƙi yana juyowa, har da cewa ruwan rijiyar bai taɓa ƙafewa ba ko a shekarar fari. Ba mu tambaye shi ba fa, jin muryar baƙi kawai ya yi.

Dattijon da muka tarar yana karɓar baƙi bai yi saurin shiga labari ba. Sai da aka gaisa gaisuwa ta sosai, ya gajiya ya hanya ya mutanen gida, sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, baƙonmu daga ina? Ni na ce ƙasar Kano, wani malamin makaranta da ya kawo 'yan ajinsa ya ce Zariya, akwai wata Hajiya da ɗanta daga Haɗeja, sai wani bawan Allah mai rawani da ya ce daga wajen Maraɗi yake ya shigo kasuwanci ya ce bari ya biyo. Na ɗauka gaisuwa ce kawai irin tamu, to ashe ajiyewa yake yi zai yi aiki da ita a gaba.

Ya faro ne tun kafin Bayajidda, kuma wannan ya burge ni sosai don yawancinmu abin da muka haddace a firamare daga zuwan baƙo yake somawa. Shi kuwa sai da ya fara gaya mana cewa mata ne ke riƙe da ƙasar, magajiyoyi, ya jero su da ka, Kufuru, Gino, Yakumo, yana tafiya har Innagari da Daurama, ya ce asalin zaman a Tsohon Birni yake nan kusa da gari, Daurama ce ta taso da jama'a zuwa inda Daura take yanzu. Sai da ya gina garin a idonmu da mutanensa da sarautarsa da ƙishirwarsa sannan ya shigo da baƙon, wato Bayajidda. Ɗan sarkin Bagadaza ne, ya baro gida da rundunarsa ya sauka Borno, Mai ya ba shi auren 'yarsa, daga baya zama ya ƙi daɗi aka raba shi da mutanensa kaɗan-kaɗan har ya ga in bai gudu ba ransa ne a gaba, ya fita da matar tana da tsohon ciki, ya bar ta a Garun Gabas inda ta haifi Biram. Nan dattijon ya juya wajen Hajiyar Haɗeja ya ce, Hajiya wannan ƙasarku ce, ku kuka riƙe mana ɗan fari. Wallahi sai na ga matar nan ta gyara mayafi ta matso gaba, ɗan nata ma da yake ta danna waya ya sa ta a aljihu. Daga nan Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, sai ya kalle ni ya ce to mutumin Kano da ba ku ba shi makami ba da yanzu wani zancen ake.

Inda ya fi gwaninta shi ne daren rijiyar. Baƙo ya iso gari da dare ya sauka gidan wata tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa, ta ce ɗana ai garin nan ba a samun ruwa sai Juma'a, akwai maciji a rijiya, Sarki ake ce masa, shi ke hanawa. Ya ce ba ni guga. Daidai nan dattijon ya ɗauki guga da hannunsa ya zura a rijiyar yana magana yana sakin igiya a hankali, muna jin ƙarar gugan yana taɓa jikin rijiya har ya kai ruwa, sai ya riƙe igiyar ƙam ya daina magana, ya ce to a nan ne abin ya kama gugan. Yaran makarantar nan da suke ta hayaniya tun a ƙofa kowa ya yi tsit, wani ma ya ja baya ya riƙe rigar malaminsu. Sannan ya fara jawowa da kyar-da-kyar yana cewa ya ja ya ja har kan ya fito ya sare shi ya sa a jaka, gugan na fitowa da ruwa ya ɗiba a kofi ya miƙa wa ƙaramin cikinsu ya ce sha, yau ba Juma'a ba ce kuma ba wanda ya hana ka. Ni dai na sha jin labarin nan tun ina yaro, na karanta shi, na gan shi a allon aji, amma ban taɓa jin nauyin cewa gari guda yana jiran rana ɗaya a mako kafin ya sha ruwa ba sai da na ga yaron nan ya kafa kai a kofin.

Akwai wasu yaran unguwa da suka biyo bayanmu suka raɓe a bakin ƙofa, da gani ba yau suka fara ba don bakinsu na motsi tare da na dattijon. Wata 'yar ƙarama a cikinsu ta kasa haƙuri ta ce Baba ka manta takalmin. Ya yi dariya ya ce uwata ban zo wurin ba tukuna, amma tunda kin ƙosa zo ki faɗa musu. Ta kuwa fito ta ce ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a bakin rijiya, da gari ya waye kowa ya ce shi ya kashe, aka ce to a kawo kai, aka rasa, sai tsohuwa ta ce ni fa na yi baƙo jiya. Ta faɗa ta ruga da gudu. To wannan abin shi ne ainihin abin da ya sa nake yaba wurin. Labarin ba na dattijon ba ne shi kaɗai, yarinyar da ba ta kai shekara goma ba tana jin tana da haƙƙin gyara shi in an tsallake, kuma an bar ta ta gyara.

Sai batun Galadima da Kaura. Yadda ya ba mu shi, da safe Magajiya ta aika a dubo, Galadima ya je ya hango jikin macijin a waje ya dawo bai tabbatar ba, Kaura ne ya yi ta maza ya matsa har ya taɓa ya ce ya mutu. Waɗannan sarautu biyu har yau suna nan a majalisar Sarkin Daura, haka ita ma sarautar Magajiya tana nan a gidan sarauta. Wato yaron Daura in ya ga Kaura a kan doki ranar hawa ba wani baƙon abu yake gani ba, ya san daga ina aka ce kujerar ta samo asali, kuma ya san ta ne daga labarin da kakarsa ta ba shi. Na yi ta tunanin wannan a hanya, labari guda amma kowa ya samu wurin tsayawa a cikinsa, mai sarauta yana ciki, maƙeri yana ciki, tsohuwar da ba ta da komai sai ɗakin saukar baƙo tana ciki kuma ita ce ma ta warware rikicin, mata suna ciki a kan gaba. Ƙaramin gari in yana da irin wannan to mutanensa suna da abin da za su ce namu ne ba tare da sun je sun aro na wani ba.

Daga nan aure, Magajiya ta ce a ba shi rabin gari ya ce shi ita yake so. Ya kuma gaya mana da bakinsa cewa ruwayoyi sun saɓa, wasu Daurama suke cewa ya aura wasu kuma Magajiya Shawata, bai ɓoye ba bai kuma tsaya jayayya da kansa ba ya wuce. Kuyanga Bagwariya ta haifa masa Karɓagari, Magajiya ta haifi Bawo, Bawo ya haifi 'ya'ya shida da suka riƙe Daura da Katsina da Kano da Zazzau da Gobir da Rano, a haɗa da Biram bakwai ke nan. Ya ambaci Bagauda a Kano, Kumayau a Katsina, Gunguma a Zazzau, Duma a Gobir, Zamna Kogi a Rano, ya kuma kawo rabon aikin nan da ake faɗa, Kano da Rano su ne sarakunan baba wato rini, Katsina da Daura kasuwa, Gobir yaƙi, Zazzau kuma ta kudu ce mai samo bayi. A nan ne tambayar da ya yi mana a farko ta yi aikinta gaba ɗaya, kowa ya nuna shi ya ce ga kakanka, malamin Zariya ya ce ai Kanawa bayinmu ne na ce wa ya gaya maka, aka yi ta raha irin wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, mutanen da rabin awa da ta wuce ko sunan juna ba mu sani ba.

Mutumin Maraɗi kuwa shi ne ya fi ba ni sha'awa. Da aka zo kan Katsina da Gobir sai ya karɓi maganar, ya ce ai Katsinawan da suka bar birni lokacin jihadi a Maraɗi suka kafa sarautarsu, Gobirawa kuma ga su nan a Tsibiri kusa da su, har yau ana kiran Sarkin Katsina a Maraɗi. Dattijon bai katse shi ba, ya ce Alhaji faɗa musu, ku ne shaida. Iyakar Nijar ba ta da nisa da Daura, ta Mai'aduwa ake fita a Kwangwalam, kuma mutanen tsallake da na nan auratayya ce da kasuwa ɗaya, to a cikin ɗakin nan ba wanda ya tuna da wani batun fasfo ko sefa da naira, ana lissafin wa ya haifi wa ne kawai.

Na roƙe shi ya ɗan taɓo mana abin da ya biyo baya don mutane da yawa suna tsayawa a kan maciji su tafi, ya kuwa yi, amma da sauri fiye da na farko. Farkon ƙarni na 19 wajen 1805 masu jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓi Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa ta rarrabu wasu suka zauna Zango wasu Baure, aka yi kusan shekara ɗari a haka, har zuwan Turawa aka dawo da Malam Musa daga Zango kan gadon Daura. Shi ya sa Daura ta fita daban a cikin manyan masarautun da jihadi ya ci, gidan Haɓe ne ya dawo kan karaga. Sarki Abdurrahman ya yi daga 1911 zuwa 1966, shekara 55 ke nan, sai Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sai Sarki Faruk Umar Faruk tun 2007. Ƙasar masarautar yanzu ƙananan hukumomi biyar ce a jihar Katsina, Daura, Zango, Baure, Mai'aduwa da Sandamu. Abin da na lura shi ne ya ba da wannan ɓangaren ba tare da zagin kowa ba, bai ce Fulani kaza ba bai ce Haɓe kaza ba, ya ce mulki na Allah ne ya fita ya dawo, kuma a garin da jikokin ɓangarorin biyu suke sallah a sahu ɗaya suna aurar da 'ya'yansu ga juna wannan iya bakin ba ƙaramin aiki ba ne. Yanzu kuma tun da aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a gidansa na Daura a watan Yulin 2025, mai zuwa garin yana da wani dalilin na biyu, ni dai roƙona ga masu zuwa ziyara ko gaisuwa shi ne su ware awa ɗaya su biya ta rijiyar.

Na san akwai masu cewa ai tatsuniya ce, me za ka je ji. Malamin Zariya ma ya yi tambayar a fili, cikin ladabi, ya ce Baba ɗalibaina za su tambaye ni shin da gaske an yi. Amsar dattijon gajeriya ce, ya ce Malam abin da muka gada ke nan daga na gaba da mu, haka muka ji haka muke faɗa, ku masu littafi ku yi naku binciken ba mu hana ba. Ni wannan amsar ta gamsar da ni. Masana tarihi sun daɗe suna kai da kawo a kai, wasu suna danganta sunan Bayajidda da Abu Yazid wanda ya yi wa Fatimawa tawaye a Arewacin Afirka aka kashe shi a 947, wasu suna ganin labarin hanya ce ta bayyana yadda sarauta ta tashi daga hannun mata ta koma hannun maza da kuma yadda garuruwan nan suka ɗauki junansu 'yan uwa. Kuma ko a cikin labarin kansa baƙon ya tarar da gari da sarauniya da maƙera da harshen da aka yi masa magana da shi, don haka masu fushi cewa wai ana cewa Balarabe ne ya haifi Hausawa ba su saurara da kyau ba, ai a Dalar Kano ma an samu shaidar narkar da ƙarfe tun wajen ƙarni na 7. Ni a ganina ana iya riƙe biyun, malami ya koyar da abin da bincike ya nuna a aji, dattijo ya ba da abin da ya gada a bakin rijiya, yaro ya tashi ya san duka.

Wurin da labarin yake da ƙaya shi ne zancen Banza Bakwai, zuriyar Karɓagari da aka ce su ne Zamfara, Kabi, Yawuri, Nupe, Gwari, Kwararrafa da Yarbawa. Wannan sunan ba ya yi wa kowa daɗi kuma ba laifin wanda ya ji zafinsa ba ne, Bakabe da yake da Kanta da Surame a tarihinsa ba zai so a kira shi haka ba. Dattijonmu ya ambace shi sau ɗaya ya ce 'ya'yan ɗaya ɗakin ne, uba ɗaya, ya wuce. Na ji daɗin haka, kuma ina fata duk mai ba da labarin nan a ko'ina ya riƙa tuna cewa a cikin masu sauraro akwai Banufe akwai Bagwari akwai Bazamfare, labarin da aka gina don ya haɗa dangi bai kamata ya kori wani daga tabarma ba.

Abin da bai yi min daɗi ba kuwa biyu ne. Na farko wasu matasa da ke tare baƙi tun daga hanya su ce za su ba ka tarihi, su zuba maka shi a minti uku ba waƙafi ba aya kamar masu karanta lambar katin waya, an zo an kashe an aura an haifa, su miƙo hannu. Ba na zarginsu don neman abinci suke kuma labarin nasu ne su ma, amma wanda ya tsaya a nan ya cuci kansa, ka ba su ɗan abin da ya samu ka ƙarasa ciki wajen manya. Na biyu mu baƙin kanmu, wasu da suka shigo bayanmu dattijo na tsakiyar magana suka ce Baba dan Allah ɗan matsa za mu yi bidiyo, suka juya masa baya suna magana da waya, suka fita ba su ji ko sunan Ayana ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ya haife ka yana ba ka abin da ya riƙe shekara da shekaru kai kuma kana neman haske mai kyau. A ɗauki bidiyo ba laifi, ai ma yana da amfani, amma a nemi izini kuma a bari a kai aya.

Da ina da iko da na sa an zauna da irin waɗannan dattawan an naɗi muryarsu a tsanake, kowa da ruwayarsa ba tare da an daidaita su sun zama ɗaya ba, a haɗa har da tsofaffin mata na cikin gida don tasu ruwayar daban take, su ne suka san waƙoƙin da kirarin da ba a kawowa gaban baƙi. Yanzu ko da waya mai arha ana iya wannan, ɗaliban jami'a da na kwaleji da ke garin ma sun isa su yi shi a hutu guda. Na faɗi haka ne don ni ma daga ƙaramin gari na fito, muna da tsohuwar marina da ramukanta suka cike da shara, muna da guntun ganuwa da ake ɗibar ƙasarta ana yin bulo, muna da kukar da kowa ya san akwai labari a kanta amma waɗanda suka san shi daga farko zuwa ƙarshe sun kusa ƙarewa, kuma yaranmu in ka tambaye su daga ina kake sai su faɗi sunan babban birnin da ke kusa don suna ganin garinmu ba shi da abin faɗa. Yaron Daura ba ya yin haka. Ba wai don garinsu ya fi kowane gari kuɗi ko gini ba, akwai wuri takamaimai da ake zuwa, akwai mutum da aikinsa ke nan ya faɗa, akwai yara da aka bari su raɓe a ƙofa suna ji har su haddace. Gaya tana da maƙeranta, Rano tana da duwatsunta da tarihinta, Garun Gabas tana da Biram, Argungu ta riga ta nuna hanya da gidan tarihin Kanta da bikin kamun kifinta da aka fara tun 1934, kowane ɗayansu zai iya zaunar da baƙo awa guda bai gaji ba in an samu mai faɗa da wurin zama.

Ruwan dai na sha, sanyi gare shi kuma ba wani ɗanɗano. Mutane da yawa suna zuwa da jarka ko gora su ɗiba su kai gida, wasu don tabarraki wasu suna cewa magani ne, wannan kuma tsakaninsu da imaninsu, ni tsaraba na ɗauke shi. In za ka je ka riƙe 'yan canji a hannu don abin da za a nema a ƙofa da kuma na goro ga mai ba da labarin, kuma ka ba shi da mutunci ba wai ka cilla masa ba, aikin da ya yi ya fi abin da yawancinmu muke bayarwa. Safiya ta fi, kafin rana ta take kuma kafin ayarin 'yan makaranta su yi yawa, ranar Juma'a kuma ka lissafa da lokacin masallaci. Mai yara ya tafi da su, su ne suka fi cin moriyar abin, a kuma bar su su yi tambaya don dattawan suna son haka. Wanda yake son ya ga labarin a kan dawakai ya daidaita tafiyarsa da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, lokacin ne ake hawa, masu sarautun da ka ji sunansu a bakin rijiya za ka gan su da idonka da jama'arsu da makaɗansu, sai dai garin yana cika sosai a kwanakin, ka nemi masauki tun da wuri ko ka kwana Katsina ko Kazaure ka yi sammako.